Kulob ɗin Zamiya na Boston: Gidan da Ya Raini Zakaru, Ya Yi Babban Makoki Sau Biyu

A watan Afrilun 1920, a birnin Antwerp na ƙasar Beljiyam, wata Ba'amurkiya mai suna Theresa Weld ta shiga filin ƙanƙara a gasar Olamfik. Ta yi zamiya da baya, ta daka tsalle, ta juya sau ɗaya a sama, ta dira a kan ƙafa guda. Salchow ake kiran wannan tsalle, da sunan ɗan ƙasar Suwidin da ya ƙirƙiro shi, kuma a yau ƙananan yara ma suna yin sa. Amma alƙalan wancan zamani tsawata mata suka yi, wai tsalle bai dace da ɗiya mace ba. Duk da haka ta koma gida da lambar tagulla.

Gidan da ta koma shi ne Skating Club of Boston, kulob ɗin masu wasan salo a kan ƙanƙara da ke jihar Massachusetts, a arewa maso gabashin Amurka. An kafa shi a 1912, kuma yana cikin mafiya daɗewa a ƙasar. Ya fitar da zakarun duniya da na Olamfik, sannan sau biyu hatsarin jirgin sama ya raba shi da malamansa da ɗalibansa a rana ɗaya. Wanda ya bi tarihinsa zai ga cewa abin da ya riƙe shi sama da shekara ɗari shi ne al'adar miƙa sana'a daga hannu zuwa hannu: duk wanda aka koya wa, sai ya juyo ya koyar.

Abin da ake koyarwa

Takalmin wannan wasa yana da dogon ƙarfe a ƙasansa, mai faɗin kamar milimita 4. Ana wasa ƙarfen ta yadda tsakiyarsa zai ɗan lotsa, sai ya zama yana da kaifi biyu, na ciki da na waje. Sana'ar gaba ɗaya a kan waɗannan kaifi biyu ta rataya. Idan ɗan wasa ya karkata jikinsa kan ɗaya daga ciki, ƙarfen zai ciji ƙanƙara ya zana baka. Idan ya sauya kaifi, bakan ya juya. A gaban ƙarfen akwai 'yan haƙora da ake cakawa a ƙanƙara wajen tashi a wasu tsalle-tsalle. Tsallen gasa iri shida ne, kuma Axel ne mafi wuya, domin shi kaɗai ake tashinsa ana fuskantar gaba, a dira da baya, don haka yana da ƙarin rabin juyi.

A zamanin da aka kafa kulob ɗin, zane ne tushen wasan, ba tsalle ba. Ɗan wasa zai tsaya a kan sabuwar ƙanƙara mai sheƙi, ya tura da ƙafa ɗaya, ya zana da'irori biyu masu siffar lamba 8, sannan ya sake bi ta kan layin nan daidai, har sau uku a kowace ƙafa. Da ya gama, alƙalai za su tako kan ƙanƙarar, su sunkuya suna duba sawun, kamar yadda malami ke duba rubutun almajiri a kan allo: shin layukan sun hau kan juna, shin da'irar ta cika, shin kaifin ya kauce a wurin juyawa. Har zuwa 1968 wannan zane shi ke ɗaukar kashi 60 cikin 100 na makin gasa, kuma sai bayan kakar 1990 aka cire shi daga gasannin duniya. Aiki ne na shiru da maimaici, wanda ba a koyonsa sai da malami a tsaye a gefe, shekara da shekaru.

Daga tafki zuwa rufin kai

Lokacin hunturu a Boston tafkuna kan daskare, kuma a kansu mutanen gari suka saba zamiya tun ƙarni na 19. Matsalar ita ce ƙanƙarar tafki ba ta da alƙawari: yau ta yi ƙarfi, gobe ta narke ko dusar ƙanƙara ta rufe ta. Buɗe zauren Boston Arena a 1910, mai ƙanƙarar da inji ke daskararwa, ya ba masu sha'awar wasan damar atisaye ba tare da duban sama ba, kuma a can sabon kulob ɗin ya riƙa karɓar hayar sa'o'i. A daidai lokacin ne wani shugaban makaranta na garin Cambridge, George Browne, yake yaɗa salon Turai na wasan, wanda ya sake jiki da hannuwa ya kuma haɗa zamiya da kiɗa, saɓanin tsohon salo na ƙame jiki.

Waɗanda suka kafa kulob ɗin 'ya'yan manyan gidajen Boston ne, masu kuɗi da ilimi, kuma ba su tsaya ga nishaɗin kansu ba. Lokacin da aka kafa hukumar wasan ta ƙasa baki ɗaya a 1921, kulob ɗin yana cikin waɗanda suka assasa ta, kuma mahaifin Theresa, A. Winsor Weld, shi ne shugabanta na farko. Ita kuwa Theresa, wadda ta ci kambun mata na Amurka tun 1914, ta haɗu da abokin wasanta Nathaniel Niles suka ci kambun 'yan bibbiyu sau tara, sannan a 1923 suka fara fitar da mujallar Skating. Shekara 40 ta yi tana kula da mujallar, kuma har yau ana buga ta. Bikin nuna gwaninta na kulob ɗin, Ice Chips, ya faro ne tun shekarun farko, ana kuma ci gaba da yin sa.

A 1920 kulob ɗin ya ɗauki wani Bajamushe, Willie Frick, a matsayin malami, ya kuma yi kusan shekara 40 yana koyarwa. A 1938 mambobi suka gina nasu fili a titin Soldiers Field, a unguwar Brighton, gefen kogin Charles: zaure guda mai rufi kamar baka, da filin ƙanƙara ɗaya tak. Shekara 82 kulob ɗin ya yi a wannan gini.

Zamanin zinare

Fitacciyar ɗalibar Frick ita ce Maribel Vinson. Ta ci kambun mata na Amurka sau tara tsakanin 1928 da 1937, ta samu tagulla a Olamfik na 1932 a Lake Placid, ta kammala karatu a kwalejin Radcliffe, ta kuma zama mace ta farko da ta yi aikin rubuta labarin wasanni a jaridar New York Times. A ɓangaren maza, Roger Turner na wannan kulob ya riƙe kambun ƙasa shekara bakwai a jere, daga 1928 zuwa 1934. Da Maribel ta ajiye gasa sai ta koma koyarwa, aka kuma san ta da tsanani da rashin yarda da rabi-da-rabi. Tana cikin waɗanda suka koyar da Mabel Fairbanks, baƙar fatar da kulob-kulob na lokacin suka ƙi karɓa saboda launin fatarta, abin da ya hana ta shiga gasa duk da gwanintarta.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ga Dick Button. Babban malaminsa Gustave Lussi yana Lake Placid, amma da ya shiga jami'ar Harvard sai filin Brighton ya zama wurin atisayensa, ya kuma riƙa shiga gasa da sunan kulob ɗin. A Olamfik na 1948 a St. Moritz ya zama mutum na farko da ya dira Axel mai juyi biyu da rabi a gasa. A Oslo a 1952 ya yi tsalle mai juyi uku, wanda shi ma ba a taɓa gani ba. Zinare ya ci a duka biyun, ga kambun duniya biyar a jere. Daga baya ya shafe gomman shekaru yana sharhin wasan a talabijin, har Amurkawa da yawa daga bakinsa suka koyi sunayen tsalle-tsallen.

Labarin Tenley Albright ya fi taɓa zuciya. Tana da shekara 11, a 1946, cutar shan inna ta kwantar da ita. Da ta miƙe, sai ta koma kan ƙanƙara don ƙafafunta su yi ƙwari, a hannun Frick da Maribel Vinson. Shekara shida bayan haka ta ci azurfa a Oslo, ta kuma zama zakarar duniya a 1953 da 1955. Ana saura kamar mako biyu gasar Olamfik ta 1956 a Cortina d'Ampezzo da ke Italiya, ta faɗi wajen atisaye, ƙarfen takalminta na hagu ya huda takalmin dama ya yanke ta a idon sawu har ƙashi. Mahaifinta likitan tiyata ne. Ya taso ya ɗinke raunin. Da wannan ƙafa ta ci zinare, ta zama Ba'amurkiya ta farko da ta yi hakan a wannan wasa. Daga nan ta ajiye gasa, ta shiga makarantar likitanci ta Harvard, ta fito a 1961, ta yi aikin tiyata shekaru masu yawa.

A wannan zamani ne kuma Cecilia Colledge ta Ingila, zakarar duniya ta 1937, ta zo Boston ta zauna tana koyarwa daga 1952 zuwa 1977. Ita ce ta ƙirƙiro wasu salon juyi a wuri ɗaya da har yau kowane ɗan wasa ke yi, ciki har da wanda ake gantsarewa baya ana kallon rufi.

15 ga Fabrairu, 1961

Farkon 1961 ya zo wa gidan Maribel Vinson da farin ciki. Ƙaramar 'yarta Laurence Owen, mai shekara 16, ta ci kambun mata na Amurka, har mujallar Sports Illustrated ta sa hotonta a bango. Babbar 'yar, wadda ta ci sunan uwar, ta ci kambun 'yan bibbiyu tare da Dudley Richards. Kambun maza kuma Bradley Lord ne ya ɗauka, shi ma ɗan kulob ɗin. Gaba ɗayansu suka hau jirgin kamfanin Sabena, ƙirar Boeing 707, daga New York zuwa Brussels, a hanyarsu ta zuwa gasar duniya a Prague.

Da safiyar 15 ga Fabrairu jirgin ya faɗi a wata gona kusa da filin saukar jirage na Brussels. Mutum 72 da ke ciki babu wanda ya tsira, wani manomi da ke aiki a ƙasa shi ma ya rasu. 'Yan wasan Amurka 18 ne a cikin jirgin, tare da mutum 16 da suka haɗa da masu horarwa, alƙalai, jami'ai da dangi. An soke gasar duniya ta wannan shekara. Kulob ɗin Boston ya rasa mambobi goma, ciki har da Maribel da 'ya'yanta biyu. A garin Winchester, inda suke zaune, akwai makarantar firamare mai suna Vinson-Owen don tunawa da su.

Rashin 'yan wasa babban rashi ne, amma rashin malamai ya fi wuyar cikewa, domin ilimin da ke kansu ba a rubuce yake ba. Sai da Amurka ta gayyato masu horarwa daga waje, irin su Carlo Fassi na Italiya da John Nicks na Ingila. Cikin 'yan kwanaki hukumar wasan ta kafa asusun tunawa da mamatan, wanda har yau yake tallafa wa matasa da kuɗin atisaye da na karatu. Peggy Fleming, wadda malaminta ya rasu a jirgin, tana cikin waɗanda suka amfana, kuma ita ce ta dawo wa ƙasar da zinaren Olamfik a 1968.

Koyarwar Maribel ba ta bi ta kabari ba. Ɗalibinta Ron Ludington, wanda ya ci tagulla a Olamfik na 1960, ya riga ya fara horarwa, kuma rashin kuɗin tafiya ne ya hana shi hawa jirgin. Ya rayu ya horar da Kitty da Peter Carruthers har suka ci azurfa a Olamfik na 1984. Wani ɗalibin nata, Frank Carroll, ya koma California ya raini Michelle Kwan, wadda a 2005 ta ci kambun Amurka na tara, ta kamo tarihin Maribel. Wato ɗalibar ɗalibinta ce ta kamo ta. Carroll ne kuma ya kai Evan Lysacek ga zinaren Olamfik a 2010. A cikin kulob ɗin kansa, Colledge ta ci gaba da aiki, kuma ɗalibarta Lorraine Hanlon ta ci kambun ƙasa a 1963, shekara biyu kacal bayan hatsarin.

Ƙaura zuwa Norwood

Shekaru sun ja, wasan ya sauya. Tsalle mai juyi uku ya zama ruwan dare, manyan cibiyoyin horarwa suka bunƙasa a Colorado Springs, Detroit da California. Boston ba ta daina fitar da gwanaye ba. John Misha Petkevich ya ci kambun ƙasa a 1971, Marissa Castelli da Simon Shnapir sun ci na 'yan bibbiyu a 2013 da 2014, suka kuma samu tagulla tare da tawagar Amurka a Olamfik na Sochi. Amma fili ɗaya ba zai ishi masu shirin Olamfik da yara masu koyon tsayuwa da manya masu motsa jiki ba. Kowa na neman sa'a, sa'o'in kuma ba su da yawa.

A 2020, ana tsakiyar annobar korona, kulob ɗin ya tare a sabuwar cibiya a garin Norwood, kudu maso yammacin Boston, wadda ta ci kusan dala miliyan 37. Filaye uku ne a ciki. Babban, mai girman filin Olamfik, wato mita 60 a 30, yana da kujerun 'yan kallo 2,500, kuma sunan Tenley Albright aka sa masa. Akwai ɗakunan rawa da na motsa jiki da sashen kula da raunin 'yan wasa. A ƙarƙashin kowane fili akwai daɓen siminti da bututu ke ratsawa, ruwan sanyi na musamman yana zagayawa a ciki, yana riƙe ƙanƙarar da kaurinta bai wuce 'yan santimita ba. Tsakanin zangon atisaye da zango, motar gyaran ƙanƙara kan shigo ta kankare saman da aka kakkarce, ta shimfiɗa ruwan ɗumi, ya daskare sumul. A wannan babban fili aka yi gasar Skate America ta 2022, inda Ilia Malinin, yana ɗan shekara 17, ya dira Axel mai juyi huɗu da rabi.

Cikin malaman da suka tare da kulob ɗin a Norwood akwai miji da mata daga Rasha, Vadim Naumov da Evgenia Shishkova, zakarun duniya na 'yan bibbiyu a 1994. Sun zo kulob ɗin a 2017, suka kafa shirin renon ƙananan yara masu baiwa mai suna Tomorrow's Champions. Ɗansu Maxim ma a hannunsu ya taso.

29 ga Janairu, 2025

A Janairun 2025 aka yi gasar ƙasa a Wichita da ke jihar Kansas. Alisa Efimova da Misha Mitrofanov na kulob ɗin suka ci kambun 'yan bibbiyu, Maxim Naumov ya zo na huɗu a maza ya kuma riga iyayensa komawa gida. Su iyayen sun tsaya ne don sansanin horar da matasa da aka shirya bayan gasar. Daren 29 ga wata, jirgin da ya ɗauko su ya yi karo da jirgin soja mai saukar ungulu a saman kogin Potomac, yana dab da sauka a Washington. Mutum 67 suka rasu, 28 daga cikinsu 'yan wasan zamiya ne da iyayensu da malamansu. Kulob ɗin Boston ya rasa mutum shida: Naumov da Shishkova, da yarinya 'yar shekara 13, da yaro ɗan shekara 16, da mahaifiyar kowannensu.

Washegari mutane suka yi ta zuwa Norwood da furanni. Tenley Albright, tana da shekara 89, wadda ta san mamatan 1961 ido da ido, ta zo ta tsaya tare da tsohuwar 'yar wasan zamiya Nancy Kerrigan a gaban 'yan jarida. A wannan rana kuma labari ya zo cewa Dick Button ya rasu yana da shekara 95. Wata biyu bayan haka Boston ta karɓi baƙuncin gasar duniya a zauren TD Garden, kamar yadda aka tsara tun farko, kuma kulob ɗin ne mai masaukin baƙi, kamar a 2016. An yi taron tunawa da mamatan a ranar farko. Amurka ta ci zinare uku, Efimova da Mitrofanov suka zo na shida a gaban mutanen garinsu.

Maxim Naumov ya karɓi ragamar shirin yaran da iyayensa suka bari, sannan ya koma atisaye. A Janairun 2026, a gasar ƙasa a St. Louis, ya zo na uku, aka sa shi cikin tawagar Amurka ta Olamfik na Milan. Yana zaune yana jiran maki, hotonsa na ƙuruciya tare da iyayensa ne a hannunsa.

Aikin da ya rage

Akwai gaskiyar da bai kamata yabo ya rufe ba. Wasan nan yana da tsada. Takalma, kuɗin fili, kuɗin malami, tufafin gasa da tafiye-tafiye kan ci dubban daloli a shekara, kuma shi ya sa tun asali ya zama na masu hali, ƙofarsa kuma ta daɗe a rufe ga irin su Mabel Fairbanks. Kulob ɗin ya ɗauki hanyar gyara. Yana gudanar da makarantar koyon zamiya ga kowa da kowa, kuma shi ke kula da filin Frog Pond da ke lambun Boston Common a tsakiyar birni, inda duk mai sha'awa zai karɓi hayar takalmi ya shiga. Wannan somin-taɓi ne. Tsakanin yaron da ya fara tsayuwa a Frog Pond da babban filin Norwood akwai shekara goma na kuɗi da sadaukarwa, waɗanda iyaye da yawa ba za su iya ɗauka ba. Kulob ɗin ya nuna sau biyu cewa ya iya kare iliminsa daga ɓacewa ko da mutuwa ta ɗauke masu shi. Abin da ya cancanci a auna shi da shi nan gaba shi ne yawan 'ya'yan marasa ƙarfi da wannan ilimi zai kai gare su, da yawan waɗanda za a riƙe hannunsu har su zama zakaru, su kuma zama malaman wasu.